Garwar Madarar Clarrie

Zuwa ga jikana Declan,

Ga kacici-kacici kafin gaisuwa. Wane ɓarawo ne ake dafa wa shayi, a ƙunsa masa kek mai kwakwa, mai gidan kuma ta tsaya a baranda tana ɗaga masa hannu har ya ɓace? Yi ta tunani, idan gangunan nan da kake duka sun bar maka sauran ƙwaƙwalwa.

Bayan haka, ina gaishe ka. Yaya Melbourne, yaya kunnuwanka? Ka gaida abokan kiɗanka, har da dogon nan mai gita da ke gaba da masu aski. Ni lafiya lau, sai ciwon gwiwa, sai kuma haushi.

An ce faifanku ne na ɗaya a duk Ostireliya. Barka. Na saurare shi har ƙarshe. Kare ya shige ƙarƙashin gado, kaji sun yi yajin ƙwai. Amma ba kiɗan ne ya dame ni ba, hoton bangon faifan ne. Duk abubuwan duniya, ba ku ga abin ɗauka ba sai garwar madarar da marigayi kakanka Clarrie ya kafa a bakin titi don zuba wasiƙu? Maƙwabciyata Noelene tsohon firji ta kafa, maƙwabtanmu su Pratt tukunyar gas, ba wanda ya dame su.

Tun fitowar faifan, samari da 'yan mata ke tsayawa suna rungumar garwata ana ɗaukar su hoto. Ɗaya ya ce mini, "Nana, ɗan matsa, kin tare hoton." A ƙofar gonata! Na matsa kuwa, na ɗauko tiyo na yi masa wanka.

Sai bayan zuwanka na ƙarshe na taka zuwa bakin titi, na tarar da gungumen da aka kafa garwar a kai tsirara. Garwa ta yi ƙafa.

Ka san da hannunsa Clarrie ya rubuta sunanmu a jikinta, harafin ƙarshe a karkace saboda wuri ya ƙare masa. Kowace shekara ranar haihuwarsa nakan bi rubutun da sabon fenti, yadda ya bar shi. Ranar ta kusa. Na sayi fenti, ba abin da zan shafa wa.

Na kai ƙara wurin ɗan sanda, ya danne dariya ya ce, "Beryl, yanzu garwa zan baza mutane nema?" Na zargi jikan Noelene, yanzu ko a coci ba ta kallona. Merv mai rabon wasiƙu kuma ya ce shi ba ya ajiye wa gungume saƙo, sai dai in bi shi gari da wannan gwiwar.

Ranar Asabar na kunna talabijin don in ga ko ka rame. Ga ka nan kana dukan ganguna kamar sun zagi uwarka. A bayanka kuma, an ɗora wata aba a sama, an haske ta da jar fitila, hayaƙi na fita ta bakin da Merv ke zura wasiƙu. Na sa tabarau. Na ga harafin nan a karkace.

Hayaƙi, Declan! Kakanka da ya bar taba don likita, ku kun koya wa garwarsa sha.

Ka dawo da ita kafin ranar kakanka, da hannunka, ba aike ba. Ka zo da guduma. Daga nan ka wuce gidan Noelene ka ba ta haƙuri, don ni bakina ba ya lanƙwasuwa. Kek kuma babu, sai na ga garwa a kan gungumenta.

Ka riƙa cin abinci, ka rame.

Kakarka mai ƙaunarka duk da haka,
Nana Beryl

Af, na manta. Amsar kacici-kacicin: jikana ne, Declan, mai ganga.