Haɓon Baba

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya aikin kantin magani?

Takarda na zaɓa saboda babanki. Kunnen da ba ya jin sallama yana jin hirar waya ta bayan bango. Ya ce kada in gaya miki, ni kuwa ban yi masa alkawari ba.

Haɓo yake yi, sau huɗu cikin kwana goma. Ba irin na yara ba ne da za a matse hanci ya tsaya. Wannan ta baya yake zubowa, ya bi maƙogwaro, yana tofarwa a roba. Ranar Talata yana shan shayin safe ya ɓalle, sai asibiti. Aka cusa masa auduga har can ciki, ya kwana biyu yana numfashi da baki. Aka cire, muka dawo gida, ranar Asabar abin ya sake dawowa.

Likitan hanci ya ce jininsa ya yi ƙasa, kuma akwai jijiyar da za a ɗaure a bayan hancin. Babanki ya saurare shi har ƙarshe, ya gyara masa sunan wani ƙashi, sannan ya ce ba zai yi ba.

Ki rubuto masa. Ni bakina ya gaji.

Goggonki

*

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Allah ya ƙara afuwa.

Na ji labarin haɓon, kuma kada ka yi wa Goggo faɗa. Abu ɗaya nake son sani: me ya sa ka ƙi aikin? Na san ba ka yin abu babu dalili.

'Yarka

*

Uwata,

Na samu takardarki. A shafa mini kan yara.

Kin tambayi dalili, ga shi. Ɗora yatsa a kuncinki, ƙasan ido. Bayan wannan ƙashin akwai wani ɗan lungu da kan yatsa ma ba zai shiga ba, mai faɗi a sama, tsukakke a ƙasa. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi ƙofofi ba: wata ta yi kwarmin ido, wata ta sauka ganɗa, wasu sun koma cikin ƙoƙon kai, ɗaya kuma ta buɗe a bayan hanci. Ta wannan ƙofar jijiyar jinin da ke damuna take shiga hanci. Littafi ya ce rassa biyu take yi. Na ga mai uku, na ga mai biyar.

Kuma ba ita kaɗai ba ce a lungun. Akwai ɗan ƙullin jijiyoyi kamar ƙwayar gero, shi ke ba ido umarnin hawaye, ya ba hanci danshi. Akwai jijiyar da ke sa ki ji zafin shayi a ganɗarki. Duk suna cunkushe wuri guda. Hannu ya goce kaɗan, mutum ya tashi da busasshen ido.

Ni ba likita ba ne, amma shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin fiɗar gawa ina buɗe wa ɗaliban likitanci wannan wurin. Likitan da ke son shiga nawa, Bahago muke ce masa. A shekararsa ta biyu ya datse jijiyar ganɗa a gabana, ya ɗago ta da hantsaki yana tambayata ko zare ne. Wancan mai ita ba ya jin komai. Ni ina ji.

Kada ki taso. Aikinki ya fi.

Babanki

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri.

Jiya da la'asar Bahago ya zo har gida. Mutum ne da furfurarsa, amma ya durƙusa ya gaida babanki, ya ƙi hawa kujera. Ya nuna masa a waya yadda suke aikin yanzu, da 'yar kyamara ta ƙofar hanci, babu yanka a fuska. Babanki ya kalla sau biyu.

Ya ce, "Hannunka ya faɗa."

Bahago ya ce, "Malam, ai tun daga zaren nan ban sake yanka abin da ban san sunansa ba. Na yi wannan aikin ya fi sau ɗari."

Suka yi dariya. Sai Bahago ya tambaye shi, "Akwai maganin da kake sha?"

"Na hawan jini kawai."

"To yaushe za mu sa rana?"

Babanki ya ce zai yi shawara, ya shiga tambayarsa labarin tsofaffin malamai har baƙon ya tashi.

Ni dai na ga maganar hannu ta ƙare, amma ƙin bai ƙare ba, na ce akwai lauje cikin naɗi. Yau da safe ina kakkaɓe masa gado gidan tabarau ya faɗo, sai ga ƙwayoyi a ciki. Ba na hawan jini ba ne, waɗancan ni nake ba shi da hannuna. Ga fankon katin na saka miki. Ke ce mai karatun abin.

Haɓon ya ɗan taɓa shi shekaranjiya, ya tsaya da kansa. Tafin hannunsa fari fat.

Goggonki

*

Baba,

Ina gaisuwa.

Katin da ke gidan tabarau yana gabana. Maganin tsinka jini ne, wanda ake ba mai ciwon zuciya don kada jini ya daskare. Kullum ina miƙa wa mutane shi, ina gaya musu idan suka ga haɓo su koma asibiti su faɗa. Kai da ka san rassan jijiya biyar, ka san wannan.

Ka zauna aka cusa maka auduga, jininka yana ƙarewa, ba ka gaya wa likita ba. Na gane lissafin: kafin allurar barci sai an auna zuciya, in an auna kuwa Goggo za ta ji, ni ma in ji.

To mun ji. Na kira Bahago na karanta masa sunan maganin. Kada ka daina sha da kanka, kada kuma ka ƙara. Shi da likitan zuciyarka za su tsara. Ka ba Goggo sunan likitan yau.

Ka ce kada in taso, ban taso ba. Ban kuma san tun yaushe kake ɗauke da wannan kai kaɗai ba.

'Yarka

*

Uwata,

Shekara biyu da wata huɗu. Bayan rasuwar mamanki da kaɗan aka gano ciwon zuciyar. Na ga kun gaji da zaryar asibiti.

An yi aikin ranar Laraba. Jinin ya tsaya. Gefen ganɗata na hagu ya ɗan mutu, an ce zai dawo.

Likitan zuciya yana son ganina ranar sha biyu ga wata. Ya ce akwai magana, in zo da wani nawa. Da sai in ce miki saboda kunnena ne. Ina jin sa sarai.

Ki zo.

Babanki