Kaset ɗin da Na Cika da Turanci

Zuwa ga taubashina Iddirisu, ɗan Gwaggo Azumi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a can ƙasar sanyi inda aikin rediyo ya kai ka. Mu nan Bawku sai godiyar Allah. Albasa ta yi kyau bana, gwiwata ce dai ta fara ba ni labarin shekaru.

Na san akwai masu leƙen wasiƙar da ba tasu ba. To, su leƙa. Abin da zan faɗa ba abin yabo ba ne, kuma na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai. Ina ƙyashinka, Iddi. Tun muna samari nake yi, har yau ban warke sarai ba.

Ka tuna filin ƙwallonmu na Yendi, wanda sai an kori awaki kafin alƙali ya busa usur? Lasifikar Baba Mai Magani muke ara, wadda yake tallar maganin basir da ita ran kasuwa, mu ɗauro batirin mota a bayan keke. Ni ke riƙe abin magana. Ba na kiran lambar riga, ba na ma cika kiran suna, gidan mutum nake kira. In ɗan wasa ya kwaso ƙwallo sai in ce ga jikan masu goro nan, kakansa ya taka daga Salaga har Kano da ƙafa, wannan ɗan filin ne zai gajiyar da shi? In aka zura wa mai tsaron gida, in ce a yi masa uzuri, jinin mahauta ne, ba ya hana kowa tsoka. Tsofaffin da ba su san kan ƙwallo ba sukan zo da kujerunsu, don kawai su ji an ambaci gidansu.

Mutanen zango, unguwarmu ta Hausawa, suna cewa, “Bakin Mumuni, alƙalamin Iddi.” Ni rabin farko kawai nake ji. Na manta cewa kai ke bin tsofaffin mata gida gida kafin ranar wasa, kana tambayo waye kakan wane, daga ina suka zo, wace sana'a suka gada. Ka rubuta a littafinka mai jan bango, ka tsaya kusa da ni kana nuna mini da yatsa. Ni in ƙara gishiri, a tafa mini, kai ka tattara wayoyin lasifika.

Sai Baba mahaifina ya cire ni daga makaranta saura shekara guda mu gama, ya kawo ni Bawku wajen ƙanensa in koyi cinikin albasa. Ban yi musu ba, wa ya isa. Kai ka wuce gaba. Ranar da labari ya zo cewa jami'a ta ɗauke ka a Kudu, za ka karanci aikin jarida ɓangaren wasanni, ina tsakiyar ɗinke bakin buhu. Na soke yatsana da basilla. Na yi dariya a gaban mutane na ce ikon Allah, yanzu har kallon ƙwallo ma sai an je jami'a? Suka taya ni dariya. Amma wallahi abincin rana bai shiga cikina ba.

Da ka dawo hutun farko ka zo har Bawku ka gan ni. Ka zo da jaka mai rataya da ƙaramar rikoda, kana gaya mini yadda ake koya muku zama a akwatin masu sharhi, yadda ake numfashi kada murya ta sarƙe, yadda ake tambayar mai horarwa bayan an ci shi ba tare da ya zage ka ba. Da zuciya ɗaya kake faɗa, na sani. Ni kuwa kowace kalma kamar ana zuba mini yaji a gyambo. Na ce a raina, wannan da ko sallama ba ya iya ɗagawa a ji a soro, shi aka ba wa kujerata.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

A shekararka ta ƙarshe ka aiko mini da kaset biyu ta hannun direban lorin Salaga. Ɗaya babu komai a ciki, ɗaya da muryarka. Ka ce ’yan Salaga da ’yan Bawku za su kara a filin Yendi, tunda nan ne ba gidan kowa ba, in daure in je in yi sharhi irin namu, in ɗauka a kaset in aiko maka. Ka ce wani malaminku bai yarda akwai mai sharhin ƙwallo da Hausa yana yi wa ’yan wasa kirari da gidajensu ba. Har ka haɗo da takarda shafi uku, ka rubuto asalin ’yan wasan Salaga kaf, ka bar mini na Bawku tunda ina cikinsu.

Ka san abin da Shaiɗan ya raɗa mini? Ya ce Iddi zai ci digiri da bakinka. Zai kunna ka a gaban ’yan boko kamar biri a kasuwa, su yi dariyar ɗan albasa, shi a ba shi takarda. Na kwana biyu ina juya abin. Sai na yanke cewa zan je, amma zan nuna maka abin da kuke koya a jami'a ni ma na iya shi ba tare da malami ba.

Na je Yendi. Fili ya cika, har daga Karaga mutane sun zo, don an ji Mumuni ya dawo. Tsofaffi suka jera kujeru. Na ninke takardarka na cusa a aljihu, na danna rikoda, na buɗe baki da Turanci. Turancin wanda bai gama makaranta ba, ina kwaikwayon mutanen rediyo, ina shaƙe hanci. Lamba tara ya ba lamba bakwai, lamba bakwai ya ba lamba goma. Minti casa'in ban kira gidan kowa ba.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci kujerun tsofaffi sun ragu. Baba Mai Magani ya zo karɓar lasifikarsa bayan an tashi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Mai koyon tafiyar wani, tasa yake mantawa.” Ban ji ba. Na ba direba kaset ɗin ina hura hanci.

Bayan wata guda amsarka ta zo, wani kaset ɗin. Ban kunna ba. Na ce dariya ce a ciki ko gyaran Turanci, na jefa shi ƙasan akwatin ƙarfe. Ka gama karatu, na fara jin muryarka a rediyo ranar Lahadi. In ka fara sai in ce batir ya yi sanyi in kashe, in koma shagon maƙwabci in tsaya daga waje ina saurare. Ka yi aure na ce ciniki ya riƙe ni. Ka tafi waje ban raka ka tasha ba. Wasiƙunka biyu na karanta, ban amsa ko ɗaya ba, daga nan kai ma ka yi shiru.

Makon jiya matata tana neman takardar asibiti a akwatin nan, ta ciro kaset ɗin. Bayan sallar la'asar na zauna a ƙofar gida na kunna.

Babu dariya a ciki, Iddi. Muryarka ce ta da, mai sanyi. Kana gaya mini cewa ba malaminku kaɗai ya zauna sauraro ba. Ka gayyato wani babba daga gidan rediyo da ke neman wanda zai riƙa yin sharhin wasanni da Hausa saboda mutanen Arewa, ka shafe wata uku kana bin sa kana cewa akwai wani ɗan'uwanka da ba shi da na biyu. Ka ɓoye mini don kada abin ya ƙi in ji ciwo. Mutumin ya saurari minti biyar ya ce irin wannan suna da su da yawa. Ka ce ka roƙe shi, kuma ya yarda zai jira har bayan Sallah, in sake ɗauka da bakina na gaskiya in aiko. A ƙarshe ka ce, “Ni karatu na yi, taubashi, amma kai aka haifa da abin.”

Sallah nawa aka yi tun daga nan, ban iya ƙirgawa ba don kunya.

Kada ka ɗauka na zama waliyyi. Ko da nake kuka a ƙofar gida, wani gefen zuciyata yana cewa dubi, har a kirki ma ya fi ka. Ka ga irin ciwon. Kai ka samu jami'a, ka samu rediyo, ka samu jirgi, sannan ka samu zuciyar da ni ban samu ba. Wannan ta ƙarshen, a kanta na fi yi maka ƙyashi.

Jiya direbobin tasha suka buga da mahauta a nan Bawku, wasan tsofaffi masu tumbi. Na ari lasifika. Muryar ta dushe, numfashi ya gajarta, amma na kira gidan kowa, har wata tsohuwa ta yi guɗa da ta ji sunan ubanta. Na ɗauka a kaset, ga shi na haɗo maka da wasiƙar nan. Na san babu wanda ke jira yanzu, kujerar nan wani ya daɗe da tsufa a kanta. Naka ne kai kaɗai. A wurare uku za ka ji na yi shiru, nan ne na waiwaya neman yatsanka a kan littafi.

Allah Ya tsare ka a baƙon wuri, Ya ƙara wa muryarka albarka, Ya jiƙan Gwaggo da Baba. Ni kuma Ya wanke mini zuciya kafin Ya karɓe ta. In ka yafe, kada ka wahalar da kanka da dogon rubutu. Ka aiko mini da asalin ’yan wasan Salaga na yanzu, akwai wasa bayan girbi.

Naka, taubashinka mai baki,
Mumuni, kasuwar albasa, Bawku.