Ba Zan Tashi Daga Rumfata Saboda Kananzir Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban masu abinci na bakin tasha, Wudil.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan iyali suna lafiya, ranka ya daɗe.

Tun da kuɗin man fetur suka fara shigo mana gari nake jin wai akwai masu yayyafa wa gawayi kananzir su gasa kifi a kai. Ni da na tashi a gaban kaka ina shan tatsuniya, sai na ce wannan ma aikin Gizo ne. Ashe ba a kai ƙurunƙus ba.

Bayan ƙaramar Sallah ka aiko in bar rumfata a ba wani, wai ina ɓata wa direbobi lokaci. To, ga amsata.

Na ɗaya, gawayina ni nake toya abina a Kausani, da busasshiyar ƙirya. In rufe ramin da ƙasa, in bar shi ya huce don kansa. Wanda za ka ba rumfar ruwa yake kwarara wa nasa don ya kwashe da wuri. Jiƙaƙƙen gawayi kuwa ba ya kamawa sai da kananzir.

Na biyu, gaskiya ne nakan daɗe ina fifita wuta. Amma in ta kama da hantsi, ba ta mutuwa sai la'asar. Kifina direba zai ƙunshe ya kai wa iyalinsa Azare bai sauya ba. Na wanda za ka ba rumfar kuwa, kafin mota ta haye gada, mutum ya fara gyatsa kamar ya haɗiye fitila.

Na uku, an ce kananzir ya yi araha. Madalla. Gyaɗa ma ta yi zamaninta a idona, yau ina dalar take?

Roƙona ɗaya ne. Ranar Jumma'a, kasuwa na ci, ka zo ka ɗanɗana nawa ka ɗanɗana nasa a gaban jama'a. Ban da haka ba inda za ni, sai dai a ɗauke ni da murhun.

Allah ya ƙara maka arziki, ya raya zuriya, ya tsare maka cikinka.

Kada ka ce mahassada ne suka zuga ni. Wadda ta faɗa mini zancen kananzir ɗin nan a ƙarshe, Hajiya Yalwa ce, mahaifiyarka, jiya da ta tako da kanta ta sayi kifin gidanku a wurina.

Wassalam.

Naka, Ilu Mai Kifi.