Shirunka Ranar Ɗaurin Auren Hauwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya zaman nesa? Mu lafiya, sai ɓacin rai.

Faifan intanet na tauraron ɗan'adam da ka sa aka kafa mana ya kunyata mu. Da Liman ya tambaye ka ta waya, kai waliyyin ƙanwarmu Hauwa, "Ka bayar?" shiru muka ji. Ya maimaita, shiru. Kawun ango ya ɗauki takalminsa, har ya kai bakin zaure kafin "Na bayar" ɗinka ta iso.

Har yau dangin ango cewa suke sai da ka yi shawara.

Ka gaida yara, ka sa mu a addu'a. Ka zo da ƙafarka ka ba su haƙuri. In ta faifan nan ne, sai bayan suna zai iso.

Ƙaninka,
Musa