Makarantar Bayan Shagon Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka gaba ɗaya. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma idon nan da aka ce an yi maka aiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwa da ta ƙi ni, in na zauna sai an miƙo mini hannu. Ɗiyata ta fari tana nan tana fama da keken ɗinkinta, ƙaramar 'yarta kuma ta fara tafiya, ba ta barin kwano inda aka ajiye shi. Matar mai kemis, maƙwabciyarmu, ita take rubuta mini. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki, don in an karanta maka ka san ni ce.

Na ƙi kiranka a waya ne da gangan, don na san kaina, in na ji muryarka kuka zai riga maganar fita. Ka san jikata babba, wadda muke ce wa Sarkin Tambaya. Makarantarsu, wato makarantarmu ta unguwa, ta gina sabon ɗakin karatu, za a sa masa sunan wanda ya fara makarantar. Sai malamarsu ta ce kowane yaro ya je ya binciko yadda aka fara, rubutun da ya fi kyau za a ajiye shi a ɗakin, na baya su riƙa karantawa. Yarinya ta zo ta zauna a bakin gadona da littafinta, ta ce Kaka ba ni labari. Auta, na ji daɗi kamar an ba ni kujerar Makka. Tun da nake, ba a taɓa zuwa da biro don maganata ba.

Na ba ta tun daga tushe. Na gaya mata yadda Yaya Babba ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, da jariri a hannu da karatun da ta koya can inda suka zauna. Na gaya mata ɗakin ajiyar katako na bayan shagon Baba, wanda in ka shiga sai ka yi atishawa don garin zarto. Yaya ta share shi ita kaɗai, ta roƙi Baba wata tsohuwar ƙofa da mai ita ya ƙi karɓa don ta karkace, ta fasa mataccen batir ta dama baƙinsa ta shafe ta, shi ne allo. Hannunta ya yi kwanaki bai koma daidai ba, Inna tana faɗa wai ta zama kamar mai sayar da gawayi. Yara suna zaune a kan guntayen katako, Baba yana buga ƙusa ta bango, in ya yi yawa Yaya ta ƙwanƙwasa masa ya tsagaita. Har kai na sa a ciki, yadda ranar farko ka shige ƙarƙashin bencin Baba ka ƙi fitowa, sai da na jawo ka ta ƙafa. Yarinya ta yi dariya har ta ƙware. Ta tambaye ni to ni ina nake zama a ajin. Na ce ni ba ni da wurin zama, ina tsakar gida da ɗan Yaya a bayana, ina jijjiga shi kada kukansa ya hana ku ji. Ta taga nake jiyo ku kuna maimaitawa. Da a ce kunne yana rubutu, da na riga ka zama malami.

Ashe malamar ta kafa musu doka, ta ce kada su yarda da labari don an faɗa kawai, su nemi inda zai sake fitowa a wani wuri dabam. Doka mai kyau ce, ni ma haka Inna ta rene mu. Yarinya ta ɗauki wayar uwarta ta bincika. Ta samu rubutu a shafin makaranta, ta samu wani a jarida, ga kuma wanda iyayen yara suke ta tura wa juna. Duka bakinsu ɗaya: wai wurin fili ne fetal, ba aji ba allo, sai wani saurayi ya dawo daga kwalejin malamai ya tara yara a gindin bishiya. Babu Yaya, babu shagon Baba, ko a gefen magana. Ta dawo jikinta a sanyaye, ta ce Kaka, su uku ne, ke kuma ke ɗaya. Ta yage abin da na ba ta, ta rubuta nasu.

Wannan bai ƙona ni kamar abin da ya biyo baya ba. Na ji ɗiyata, wadda na haifa da cikina, tana gaya wa mijinta a bakin kicin wai na fara haɗa mafarki da gaskiya, ya kamata a kai ni likita ya duba kaina. Daga ranar ta kwashe magungunana daga ƙarƙashin filo, ita take ba ni da hannunta kamar yarinya. In na ce an bar famfo a buɗe, sai wani ya je ya leƙa kafin a yarda. Sarkin Tambaya kuwa ta daina tambayata komai, ko ina aka ajiye tsintsiya. In na fara labari sai su ce to Kaka, to Kaka, irin yadda ake ce wa mai zazzaɓi. Har ni kaina na fara zama ina cewa anya, ko dai ƙofar nan mafarkinta na yi?

Malamar ce, Allah Ya yi mata albarka, ta ƙi barin abin haka. Da ta ga takardun yara duk kalma ɗaya kamar an yanka da almakashi, sai ta bi sawu. Ta zo gidan nan da kanta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ta gano mai jarida daga shafin makaranta ya kwasa, shafin makaranta kuma daga wani bidiyo ya kwasa, iyaye kuma jaridar suke turawa. Ta ce wa yarinya ba shaidu uku ta samu ba, shaida ɗaya ce ta sake riga sau uku. Sannan ta ce bari ta kunna mini bidiyon ko na san mai maganar. Idona ba ya gani sosai a waya, amma tun kafin a yi magana na ji gyaran murya. Auta, gyaran muryar Baba ce, kai kaɗai ka gaje ta. Na zauna ina jin ka kana cewa ba ka tarar da komai ba, daga kai aka fara. Muryar ɗanka ce take tambayarka, kana amsawa a natse, har da dariya. Malama ta tambaye ni ko na san shi. Na ce na sani, ni na yi masa wanka ranar da ya fara zuwa makarantar da ya ce babu ita.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Kai ka yi ta sintiri ofis-ofis har takalminka ya cinye, kai ka sa hukuma ta karɓi makarantar, kai ka samo filin, kai ne hedimasta na farko, bishiyar ma gaskiya ce, can kuka koma da ɗakin katako ya yi kaɗan. Duk na gaya wa malama haka. Amma yaran da ka kai gindin bishiya, daga hannun wa ka karɓe su? Yaya tana kwance tana tari, ta kira ka ta ce ga amanarta. Ina ɗakin, ni nake riƙe da kofin ruwa. Da bare ne ya share ta, da na ce bai sani ba. Ko mantuwa ce ta tsufa ta kama ka, ko kuwa ganin kyamara ne ya sa labarin ya fi daɗi da mutum ɗaya, kai ka sani, Allah Ya sani. Ni dai hannuna ba zai ruɓe in yanke in yar ba, shi ya sa na rubuto maka maimakon in tara maka jama'a.

Malama ba ta ce na yi gaskiya ba, ba ta kuma ce na yi ƙarya ba. Ta ce yanzu baki ɗaya ne da baki ɗaya, kuma mutane za su fi karkata ga mai takardar shaida. Ɗan Yaya ya rasu, 'yan ajinku duk sun bi shi. Don haka ta yanke cewa kafin a rubuta suna a bango, za ta kira ka a waya a gaban 'yan ajin, a buɗe murya kowa ya ji, Sarkin Tambaya ce za ta yi maka tambayoyin. Ni na roƙa a jinkirta har takardar nan ta iso ka, kada a ce na yi maka kwanton ɓauna. Abu ɗaya na ce ta tambaye ka: wa ya kama hannunka ka rubuta harafin farko, kuma a wane ɗaki.

Ka gaishe mini da Uwargida, ka ce ina ta addu'a a kan hawan jininta. Ka gaida babban ɗanka Dogo da matarsa da masu sunan Inna da Baba, ka gaida ɗanka mai kyamara, ka ce ban riƙe shi ba, abin da aka ba shi ya ɗauka. Ɗiyata da mijinta suna gaishe ka, matar mai kemis ma ta ce a sa tata.

Ranar za a kawo ni a zaunar da ni a bayan aji. Ba zan ce uffan ba, don maganata ba ta da nauyi yanzu ko a gidana. Yaya ba ta da sauran mai faɗin sunanta sai mu biyu, ni kuma an ce na ruɗe. Saura kai.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka, wadda kake bi.