Tsamiyar Gwaggo Daga Sama

Abu Hujar, Zulƙida 1443

Zuwa ga Gwaggona Halimatussa'adiya, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwa, ya ƙara miki hasken ido. Mu nan lafiya lau. Baba ya gama gyaran gona yana jiran ruwa, Inna tana fama da hawan jininta amma da sauƙi, ƙanwata Huda kuma ta sauka lafiya, an samu mace mai faffaɗan kunne irin na gidanmu. Allah ya raya.

Gwaggo, saƙonki ya iso tun bayan ƙaramar salla. Gaskiya aka gaya miki, kogi ya ci gaɓa har saura taku goma sha biyu ya taɓa katangar gidan Kaka, kuma ba mai zaton cikar bana za ta bar shi. Kin ce shekara arba'in da shida kina mafarkin gidan nan, kullum daga sama kike ganinsa, da tsamiyar da kika dasa, da ruwa a gabansa, kuma haka kike so in ɗauko miki shi da ɗan jirgin nan marar matuƙi da nake ɗaukar hoton biki da shi a Wad Madani. Maganar nan ta zauna mini a zuciya, na ce ko ta halin ƙaƙa sai na yi.

Sai dai kin san garinmu. A nan ko yaɓen rufin ɗaki namiji zai hau, sai ya ɗaga murya maƙwabta sun ji, mata su kimtsa. Da na kai wa Alhaji Salih maganar, wanda shi ne shehun gari yanzu, ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce tsuntsu ma yana wucewa ta kan gidaje, amma tsuntsu ba ya kai labari Jidda. Daga ƙarshe ya yarda da tashi ɗaya tak, bisa sharaɗin idon jirgin ba zai leƙa tsakar gidan kowa ba, kuma shi zai fara kallo. In ya ga ko igiyar shanya ce, a goge duka. Ga shi gaɓa tana zubewa ba wurin tsayawa, dole daga filin masallaci zan tashi, in ƙetare gida bakwai.

Bari in kwatanta miki abin. Kyamarar tana rataye ne a ƙarƙashin jirgin, a kan wani ɗan wuya da masu sana'ar ke kira gimbal. Kamar kan kaza yake, ki juya jikinta yadda kike so, kan yana nan tsaye. Da can mu biyu muke aiki, ina tuƙi, abokina Musbahu yana sarrafa wuyan, amma ya tafi neman zinariya ya bar ni ni kaɗai. Yanzu manyan yatsuna biyu suna tuƙi, manuniyata ta hagu tana murza wani ɗan gargare da ke sunkuyar da kyamarar ko ya ɗaga ta. To yatsun hannu ɗaya 'yan gida ɗaya ne, da babba ya motsa sai manuniya ta bi shi, hoto ya fizge. Kwana tara ina fita bayan gari ina koya musu kowa ya yi harkarsa. Na rage saurin gargaren har ya koma kamar zubar zuma. Inna ta ce da haka na dage a makarantar allo, da yanzu ni ke limanci.

Ranar Alhamis da hantsi, iska ta kwanta, na yi bisimilla na tashi. Na ɗaga idon jirgin sama iyakar ɗagawa, ba na ganin komai a allon hannuna sai gajimare da kan giginyun ƙetare. Haka na ratsa gari ido a sama, ina auna tafiya da giginya mafi tsawo. Gwaggo, ban san yadda zan gaya miki ba. Gajimaren farkon damina ne, farare, suna tafiya a hankali, har na manta ƙafafuna suna ƙasa. Na ji kamar cikin mafarkinki na shiga, ina taya ki ɗaukar hanya. Da na tabbata na wuce katangar ƙarshe, na tsayar da jirgin, na riƙe numfashi, na fara murzawa. Sama ta janye, ƙetare ya shigo, sai kogi shimfiɗe yana ƙyalli da kwalekwale ɗaya a tsakiya, sai gaɓar da ta tsage, sai kan tsamiyarki, ta cika ta batse. Sai tsakar gida.

Gidan da ya shekara shida ba kowa, an share shi tas, har sawun tsintsiya ana gani, ga tabarma a tsakiya, ga wata tsohuwa zaune cikin farin mayafi. Ta sa hannu ɗaya ta kare rana, ta ɗaga ɗayan sama. Yatsana ya so ya fizge, amma kwana taran nan suka riƙe shi. Na ɗaga idon a hankali na dawo, ina sane da na karya sharaɗi. Kuma ba kowa ba ce, Gwaggo. Hannatu ce, ƙawarki ta ɗaukar ruwa, uwargidan Alhaji Salih da kansa.

Na kai masa kamar yadda na yi alkawari, ban yanke komai ba. Ya kalla, ya ce in maimaita, na maimaita har sau uku. Ita kuwa daga bayan labule ta ce kada a ga laifin ɗan mutane, ita ta kai kanta tun da sassafe, don ba za a nuna wa Halima gidan ubanta da shara ba, kuma gida ba mutum kango ne. Alhaji ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce shekara hamsin yana tare da matar nan bai taɓa ganinta daga sama ba, ashe 'yar mitsitsiya ce. Sannan ya ce ba leƙe aka yi ba, baƙo aka tara, in aika.

Na tura hoton ta wayar ɗanki Abdulwahab, ki sa ya buɗe miki a babban allo. Ki gaishe shi, da Fatimatuzzahra, da Rayan mai ƙiriniya. Baba da Inna da Huda duk suna gaishe ki. Hannatu ta ce in gaya miki hannun nan da ta ɗaga naki ne, kuma ta bar tabarmar a shimfiɗe.

Naki ɗa mai neman albarka,
Mujtaba