Tafisannu Ta Kama Gyare da Kanta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga aminina kuma abokin zamana, Malam Isuhu na Maraɗi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ka tarar da Inna da iyali cikin ƙoshin lafiya. Lambarka ta gida ta ƙi shiga, shi ya sa na kawo wasiƙar nan zaurenmu na intanet, na san duk ranar da ka samu hali za ka leƙo. Sauran 'yan zaure su yi haƙuri, yau ba maganar kwantena ba ce, maganar hawainiya ce.

Albishirinka, Isuhu. Tafisannu ta kama gyare da kanta yau da safe. Bari in faro maka daga tushe, don ka san abin da ya sa nake wannan murna.

Ka tuna ranar da ka shigo da ita ɗakinmu na unguwar Dengfeng, nan Guangzhou, a kwalin takalmi, tsawonta bai fi ɗan yatsana ba. Ni da aka tsorata da hawainiya tun ina yaro a Kano, tsalle na yi na haye gado. Ka yi dariya har ka zauna a ƙasa. Ka ce irinta kake gani a darbejiyar gidanku, kuma duk faɗin Guangzhou ita kaɗai ce ba ta sauri, shi ya sa ka raɗa mata wannan suna.

Da bizarka ta ƙare 'yan watanni kafin wasannin Olamfik aka ƙi sabuntawa, ba ka bar mini sallahun kaya ba, sai nata. Kana shiga tasi kana maimaitawa: "Ba ta shan ruwa a kwano, Auwalu, ganye za ka fesa wa. Kuma kada gyaren ya wuce faɗin tsakanin idanunta."

Haka na riƙa yi kullum kafin in tafi kasuwar Baima. Amma bayan 'yan makonni sai na lura harshenta ya fara gazawa. Ta saita gyare, ta harba, harshen ya tsaya a hanya. Daga nan ƙafafunta suka soma karkarwa in ta kama reshe. Wata safiya na same ta a ƙasan keji, ta yi baƙi ƙirin, idanunta a rufe. Ban iya karyawa ba ranar. Tunanina ɗaya, da wane baki zan gaya maka.

Na mayar da ita kwalinta na tsallaka kogi zuwa kasuwar tsuntsaye, wurin matar da ta sayar maka da ita. Tana leƙawa ta taɓa ƙashin hannunta, alamar matsalar ƙashi ce, ta girgiza kai, ta nuna mini shagon wani likitan dabbobi a ƙarshen layi. Da guntun Turancinsa da guntun nawa muka fahimci juna. Ya ce ƙasusuwanta girma suke, gyare zalla bai ishe ta ba. Tana bukatar garin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi a abincinta, da hasken rana wanda zai sa jikinta ya amfana da garin. Kai ma ka san tagarmu, bangon maƙwabta kawai take kallo.

Na koma wurin matar neman garin, ta ce "meyo", wai ya ƙare mata. Shago na gaba ma "meyo". Na yi ta bin layi a cikin zafin nan mai danƙo, riga ta manne mini a baya, har wani tsoho ya zaro 'yar roba daga ƙarƙashin buhun abincin kifi. Ban san sau nawa na ce masa "shiyeshiye", wato na gode, ba.

Da za ka ga ɗakinmu yanzu, Isuhu, da ka sha mamaki. Na zama makiyayin gyare. Sai na ƙosar da su da karas da ganyen kabeji tukuna, don likitan ya ce abin da ke cikinsu shi ne abincinta na gaskiya. Sannan in zuba 'yan ƙanana a leda, in barbaɗa garin kaɗan, in girgiza a hankali, su fito fari-fari kamar masu aikin injin niƙa. Akwai wani garin na bitamin, shi kuma jefi-jefi ake ba ta, ya gargaɗe ni cewa yawansa cuta ne. Na ɗaura mata fitila ta musamman a saman keji, kuma da hantsi nakan hau da ita rufin bene, inda ake shanya, rabin kejin a rana, rabi a inuwa.

Da farko da hantsaki nake kai mata har baki. Wani lokaci ta karɓa, wani lokaci ta juya mini ido ɗaya ta kawar da kai. Nakan zauna in yi ta lallashinta kamar jinjira. Ni ne fa wanda ya haye gado.

Yau da safe wani gyare ya kuɓuce mini ya hau can ƙarshen reshe. Na miƙa hannu zan kamo shi, sai na ga ta tsaya cak. Idanun nan biyu da kowanne ke harkar gabansa suka haɗu wuri guda. Ta ɗan yi gaba, ta ɗan yi baya. Sai harshen ya fita, dogo, ya fi jikinta, kafin in ƙifta ido gyaren yana bakinta. Ƙafafunta ko motsi ba su yi ba. Ta tauna a natse, launinta kore shar.

Na yi kabbara da ƙarfi har matar da muke haya a gidanta ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta zaci wasannin nake kallo kamar kowa. Na jawo ta na nuna mata kejin. Ba ta gane komai ba, amma ta tafa mana.

Likitan ya ce ƙafarta ta hagu ba lallai ta miƙe sarai ba, kuma sai an ci gaba da kulawa. Zan ci gaba, kada ka sa damuwa.

Ranar Juma'a a masallacin Huaisheng mutanenku na Maraɗi suna tambayarka. Ɗakin ya yi mini faɗi. Ina dafa shayi sai in ga na ɗauko kofi biyu. Wasu baƙi sun nemi gadonka, na ce musu da mai shi.

Allah Ya buɗe maka hanyar dawowa cikin sauƙi, Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya sa albarka a abin da kake nema a can. Ya raya mana wannan 'yar halitta tasa har ka zo ka ba ta gyare da hannunka. Amin.

Naka har kullum,
Auwalu, mai kiwon gyare na Dengfeng